Kundin Mako Takwas: Bibiyar Yara Masu Kumburi, Daga Ƙoda Zuwa Ido

13 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe kundin. Kaye ne mai baƙin bango da na saya a kasuwar Wadata, na ja masa layi shida da biro: ranar kwanciya, unguwa, wayar wanda za a kira, tansiyo, awon farko na C3 (wani furotin ne na jini), sai layin ƙarshe da na bari fayau, na awon C3 bayan mako takwas. Saboda wannan layi na ƙarshe na ɗauko aikin gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa aiki a sashen yara a Yamai ya san yaron da nake nufi. Uwa ta shigo da shi fuska a kumbure har idanu sun shige, ƙafafu sun yi suntum, fitsari ɗan kaɗan, launinsa kamar shayin da ya daɗe kan gawayi. In ka buɗe tsakanin yatsunsa sai ka ga tabon ƙazwar da ta yi ruwa ta bushe. Ƙwayar sitireptokok ce ta shiga ta ƙurajen, mako uku zuwa shida bayan nan ƙoda ta ɗauki zafi. In ta maƙogwaro ta bi, mako ɗaya zuwa biyu ya isa. Mu rage gishiri, mu ba da maganin fitar da ruwa, mu sauko da tansiyo, mu kashe ƙwayar da penisilin. Galibi kafin kwana goma kumburi ya sace, uwa ta yi godiya, ta naɗe tabarmarta, ba mu ƙara ganinsu ba.

Amma akwai wata cuta da kan shigo sanye da wannan riga ɗin, wadda ake kira ciwon rariyar ƙoda na C3. A makon farko ba ka raba su da ido. Dukansu furotin C3 na jini ya faɗi ƙasa. Bambancin yana ga lokaci: a ciwon bayan ƙazwa, C3 kan koma daidai cikin mako shida zuwa takwas. In ya wuce mako goma sha biyu yana ƙasa, to ba baƙon da zai tafi ba ne. Wanda bai dawo aka sake auna shi ba, sai dai mu haɗu da shi bayan shekaru a ɗakin wankin ƙoda.

Malamina ya amince da aikin. Sharaɗinsa ɗaya: kada in rubuta yaro a kundin sai na yi wa mai shi bayani da harshen da yake ji, ya kuma yarda.

28 ga Janairu

Bayanin ne ya fi ba ni wuya, ba awon ba.

Abin da littattafanmu ke kira kwampileman taron furotin ne sama da talatin da ke yawo cikin jini, hanta ce ke ƙera mafi yawansu, C3 da sauran masu harafin C duk cikinsu suke. Jules Bordet, ɗan Beljiyam, shi ya nuna a 1895 cewa akwai wani abu cikin ruwan jini da ke taya antikor, wato furotin da jiki ke ƙerawa don kama baƙo, fasa ƙwayar cuta, wanda kuma zafi ke kashewa. An ba shi kyautar Nobel ta 1919. Paul Ehrlich ne ya raɗa masa sunan, ma'anarsa ciko, don a ganinsa aikin antikor yake cikawa. Ni ma ciko nake ce masa yanzu.

Na fara da misalin sojoji. Na ce wa wata uwa daga Bukoki sojojin jinin ɗanta sun ragu. Washegari ta zo da kwalbar maganin ƙarin jini da ƙullin zogale. Abin da ta ji shi ne jini ya yi rauni, a ƙara masa ƙarfi, alhali zancen akasin haka ne: C3 ya ragu ne don ana ta ƙona shi.

Daga kalmar ƙonawa na samu hanya. Ciko yana da ƙofofi uku na tashi. Biyu sai an taɓa su, ɗaya ta hanyar antikor, ɗaya ta hanyar sukarin da ke jikin ƙwayar cuta. Ta uku, wadda Louis Pillemer ya buɗe zancenta a 1954, ba ta jiran kowa. Dare da rana ɗan kaɗan na C3 yana fashewa da kansa, kamar garwashin da ba ya mutuwa a murhu. Tartsatsinsa, wato C3b, yana manne wa duk abin da ya tarar, baƙo ko ɗan gida. In ya manne, sai ya kama fakta B, fakta D ta yanka, su zama almakashin da ke yanka wasu C3 ɗin, kowane yanki kuma ya kafa nasa almakashin. Mu mutanen Tawa mun san yadda wuta ke yi da busasshiyar ciyawa a lokacin hunturu. Ƙarshen aikin shi ne C5 zuwa C9 su haɗu su huda bangon ƙwayar cuta.

To me ya hana mu ƙonewa? Masu kashe tartsatsi. Wasu suna dashe a jikin ƙwayoyin halittarmu, kamar CD46, CD55 da CD59. Babbarsu kuwa yawo take cikin jini, ita ce fakta H. Tana gane jikin gida ta irin sukarin da ke shafe a kansa, ta sauka, ta wargaza almakashin, ta riƙe C3b har fakta I ta zo ta datse shi.

Yau na gwada wannan a kan kakar wani yaro. Na ce, “Inna, wutar murhu ce ta tashi don ta ƙone ƙazanta, ta lashi zanan gida. Muna so mu gani ko ta lafa da kanta, shi ya sa za ku dawo.” Ta ce, “To ɗiyata, wa ke barin gida bai duba toka ba?” Na rubuta maganarta a bangon kundin.

11 ga Fabrairu

Shafi na farko ya kusa cika. Akwai wata yarinya da hankalina bai kwanta da ita ba, zan riƙa kiranta ta lamba biyar. Shekararta 14, daga wani ƙauye kusa da Tawa, tana zaune wurin kawunta a Talaje. An kwantar da ita ranar 30 ga Janairu. Babu tabon ƙazwa, ba ta tuna ciwon maƙogwaro ba, sai mura. Fitsarinta na kumfa kamar an kaɗa omo, tsinken gwaji ya nuna furotin har giciye uku. Matar kawun ta ce tun damina takalmi ke matse ta da yamma.

C3 ƙasa sosai, C4 daidai. Wannan ma'auni biyu na da magana: in ƙofar antikor ce ta buɗe, kamar a ciwon lupus, C4 ma kan faɗi. C3 kaɗai ya faɗi, to ƙofa ta uku ake zargi. Mun auna ciwon hanta na B da na C, da ƙanjamau, da sikila, duk babu. An sallame ta da enalafiril, an hana gishiri, dunƙulen miya da kanwa. Kawun ya ba ni lambarsa, ya ce in kira bayan la'asar, lokacin ya tashi daga shago.

6 ga Maris

Azumi ya shiga, na mai da kiran waya bayan tarawi. Wasu lambobin ba sa shiga, wata ta mai shagon unguwa ce, shi ke aika yaro ya kira uwar. Kuɗin awo da na taksi shi ne babban cikas, ba rashin kula ba. Uwa ɗaya ta faɗa mini kai tsaye: yaro yana wasa, yana cin abinci, in ta kashe jika-jika a kan jinin mai lafiya me za ta ce wa maigida? Ban ga laifinta ba. Na haɗa mata ranar da ta allurar ƙaramin ɗanta don tafiya ɗaya ta isa.

Jikan tsohuwar nan ya dawo. C3 ya koma daidai, tansiyo lafiya, sai ɗan jini a fitsari da ido ba ya gani, wanda kan iya ɗaukar shekara ko fiye kafin ya ɓace. Shi ne na farko da na cika wa layi na shida.

27 ga Maris

Ta lamba biyar ta cika mako takwas. C3 yana nan inda yake. Kumfa ba ta ragu ba.

Na kwana ina karatu. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda fakta H ɗaya ke haifar da cuta iri biyu a ƙoda, gwargwadon inda ta lalace. Siffarta kamar carbi ce mai ƙwaya ashirin. Ƙwayoyi huɗu na farko su ke kashe tartsatsi, biyu na ƙarshe, ta 19 da ta 20, su ke kama bangon jijiya. In wutsiyar ce ta samu aibi, fakta H na aiki cikin jini amma ba ta iya sauka kan bango. Sai jini ya daskare a ƙananan jijiyoyin ƙoda, jajayen ƙwayoyi su yayyage, ƙwayoyin tsayar da jini su ƙare, ƙoda ta tsaya cikin kwanaki. In kuwa cikin jinin ne aka rasa mai tsawatarwa, C3 ya yi ta ƙonewa, tokarsa ta taru a rariyar ƙoda a hankali, shekara da shekaru. Wannan na biyun shi nake zargi. Sau da yawa ma fakta H lafiyarta ƙalau, wani antikor ne jiki ya ƙera da ke rungume almakashin ya hana a wargaza shi. A nau'in da ake kira ciwon daskararren tari, wato tarin tokar nan a rariya, wanda Berger da Galle suka bayyana a Faransa a farkon shekarun 1960, ana samun wannan antikor a wajen mutum takwas cikin goma, kuma kusan rabin masu ciwon ƙodarsu kan gaza cikin shekara goma. Ko an yi dashe, yakan dawo cikin sabuwar ƙodar, tunda wutar cikin jini take.

Makon jiya, ranar 20 ga wata, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da iptakofan don manya masu wannan ciwo. Ƙwaya ce ta sha da ke toshe fakta B. Shi ne magani na farko da aka amince da shi musamman dominsa. Na yi murna, na kuma san nisan da ke tsakanin wannan labari da Talaje.

15 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, kuma kuran na yawan ɗaukewa. Jinin yara biyu ya kwana a firigon da ya mutu. Na zubar, na kira iyayen na ba su haƙuri. Ciko ba ya son zafi, awo 56 na rabin sa'a ya isa ya kashe aikinsa, kuma jinin da ya daɗe a ɗumi yana iya ba da lambar C3 da ta fi ta gaskiya, ka sallami yaro kana ganin ya warke. Daga yau da sassafe za a ɗebi jini, a juya shi a raba ruwan nan take, ni da kaina zan kai labo cikin kula da ƙanƙara.

Lokacin sanƙarau ne kuma, ya tilasta mini wani tunani. Ekulizumab, wanda ke toshe C5, an amince da shi a Amurka a 2007, sannan a 2011 don ciwon daskarewar jini na ƙoda da na ambata. Ya ceci ƙodoji da yawa. A can kuɗinsa ya kai wajen dalar Amurka dubu 500 a shekara. Amma ko kyauta aka kawo mana shi, akwai abin da ya fi kuɗi nauyi: hudar nan ta C5 zuwa C9 ita ce babban makamin jiki a kan ƙwayar sanƙarau. Wanda aka toshe masa ita, haɗarin kamuwarsa kan ninka sau 1,000 zuwa 2,000, shi ya sa ake yi masa rigakafi akalla mako biyu kafin a fara. Ina lise a 2015 lokacin da nau'in C ya afka wa ƙasar nan, sama da mutum 8,000 suka kamu, aka rufe makarantun Yamai a watan Afrilu. Allurar rigakafi ta MenAfriVac da aka fara a 2010 nau'in A kaɗai ta tare. Ƙwayar ma tana da wayo: akwai furotin a jikinta da ke kama fakta H ɗinmu ta yafa, ciko ya ɗauke ta ƴar gida. A ganina duk ranar da waɗannan magunguna suka iso Sahel, ba za a kwafo ƙa'idar Turai a manna ba. Namu tsarin rigakafin sai ya fi nasu tsauri.

8 ga Mayu

Mako goma sha huɗu, C3 bai motsa ba. Yau na kai ta sashen ido.

Kawun bai gane dalili ba. Ya ce, “Lokotoro, ƙoda muka kawo, idonta ai garau yake, har zare take sa wa allura.” Na ce, “Baba, akwai wuri a bayan ido da Allah Ya gina shi irin ginin ƙoda. Ƙoda ba ta leƙuwa sai an huda, ido kuwa taga ne.” Ya yi shiru, sannan ya ce a duba.

Gaskiyar ginin ke nan. Kowace ƙoda tana da ƙananan rariyoyi wajen miliyan ɗaya, su biyun suna tace lita 180 a yini. Jijiyoyin rariyar suna da ƙananan huji, ruwan jini na taɓa tantanin da ke ƙarƙashi kai tsaye. A bayan ido ma haka: jijiyoyi masu huji, sai tantanin Bruch, sai ƙwayoyin da ke ciyar da masu gani. Waɗannan tantani biyu ba ƙwayoyin halitta ba ne, don haka ba su da masu kashe tartsatsi na kansu, da fakta H suka dogara. In ta gaza, nan ne toka ke fara taruwa.

Likitar ido ta ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, muka jira rabin sa'a a kan benci, yarinyar na rufe fuska da gyale saboda haske. Kafin ta duba ta, ta nuna mini hoton idon wani dattijo mai shekara sama da saba'in: ɗige-ɗige rawaya a tsakiyar gani, waɗanda ake kira durusan. Sannan ta zaunar da yarinyar, ta daidaita fitila, ta daɗe ba ta ce komai ba, ta matsa ta ce in leƙa. A kan jan fili, gefen makula, wato tsakiyar ganin, ga su nan ƙanana birjik kamar an watsa gero, a ido biyun. Idon ƴar shekara 14 da alamar idon tsoho. Tun 1989 aka bayyana wannan a masu ciwon daskararren tari, na karanta shi sau da yawa, amma sai da na ja numfashi.

Likitar ta ja mini kunne a kan abu biyu. Ɗigen ba hukunci ba ne, ƙarin shaida ne, kuma da ba a gan su ba ma ba a wanke ƙodar daga zargi ba. Na biyu, ganinta lafiya lau yanzu, galibi yakan daɗe haka, amma a riƙa duba ta duk shekara. Ta ba ta takarda mai layukan dara, ta ce ta riƙa rufe ido ɗaya tana kallo, ranar da layi ya karkace ta zo ba jira.

20 ga Mayu

Hoton dattijon ya sa na koma kan ciwon makula na tsufa. A 2005 ƙungiyoyin bincike da dama a Amurka suka gano lokaci guda cewa sauyin harafi ɗaya a ƙwayar gadon fakta H, a kan kuromozom na 1, yana ninka haɗarin ciwon. Sauyin yana wuri na 402, cikin ƙwaya ta bakwai ta carbin. Ɗaya daga cikin binciken da marasa lafiya 96 da masu lafiya 50 kawai aka yi shi. Shan taba na ƙara wa abin ƙarfi.

Abin da ya shafe mu: wannan sauyi ba baƙo ba ne a jinin baƙar fata, amma makantar makula ta tsufa ta fi yawa ga Turawa. Kusa da fakta H akwai ƴan uwanta biyar da ke gogayya da ita wurin sauka a bango. Rashin biyu daga cikinsu, ta 1 da ta 3, ya fi yawa a Afirka ta Yamma fiye da Turai, kuma yana ba ido kariya. Sai dai wannan rashin shi ake samu a mafi yawan yaran da jikinsu ke ƙera antikor a kan fakta H. Abin da ya kare ido yana iya buɗe wa ƙoda ƙofa.

A 2023 Amurka ta amince da allurai biyu da ake yi cikin ido don busasshen nau'in ciwon, ɗaya na toshe C3, ɗaya C5. Suna rage saurin yaɗuwar tabon, ba sa mai da gani, kuma hukumar Turai ta ƙi amincewa da ta farkon a 2024. A layin sashen idonmu yanar ido da hawan jinin ido ne suka cika benci, nan ya kamata kuɗinmu ya fara zuwa.

19 ga Yuni

Maganar tsakuro tsokar ƙoda ta ɗauki wata guda. Uban yana Abijan wurin bida, kawun ya ce ba zai sa hannu a huda ɗiyar wansa ba sai da bakinsa. Mun yi waya mu uku bayan Sallar layya. Tambayarsa ɗaya: in an huda, akwai magani? Na ce akwai abin da zai rage gudun ciwon, kuma maganin yana da nauyin da ba zan ɗora mata ba sai na tabbata. Ya ce a yi, Allah Ya sa a dace. Dangi suka haɗa kuɗin, aka ɗebi tsokar, aka aika waje.

4 ga Agusta

Sakamako ya iso. C3 ya haska rariyar, ya zarce antikor da mataki biyu, wanda shi ne ma'aunin da masana suka tsayar a 2013. Ciwon rariyar ƙoda na C3 ne. Malamina da likitan ƙoda sun fara mata mikofenolat da piradinizon, masu danne garkuwar jiki, enalafiril na nan. Aikin ƙodarta bai faɗi ba tukuna. Na rubuta mata rigakafin sanƙarau da na ciwon huhu.

Ranar 28 ga Yuli Amurka ta amince da pegsetakofilan, mai toshe C3, don masu wannan ciwo daga shekara 12, allura ƙarƙashin fata sau biyu a mako. Shekarunta sun kai. Na fara haɗa takardunta, hoton ido da sakamakon tsoka da awon C3 guda huɗu, malamina zai rubuta wa abokan aikinsa na waje.

Na naɗi bayanin murhu da toka a murya, minti uku, ina tura wa iyaye ta WhatsApp ranar sallama. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce za ta yi na Zabarmanci cikin makon nan. Na ƙara layi na bakwai a kundin, na ido, don duk yaron da ya wuce mako goma sha biyu C3 bai tashi ba. Gobe akwai yara uku da mako takwas ɗinsu ya cika, ɗaya a Harobanda yake, hanyarsu ta cika da ruwa, zan kira da safe in ji ko kabu-kabu na shiga.